Anzim masu sake taɓa furotin: karatun jarrabawa ne kawai, ko aikinmu ne na kullum?

Balkisa: Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ranar Litinin muna da jarrabawar biyokimi, kuma babin da ya tsaya mini a wuya shi ne na anzim, wato furotin masu gaggauta ayyukan sinadarai a jiki, musamman waɗanda ke taɓa furotin bayan an gama ƙera shi, su kinaz, fosfataz, ubikitin da sauransu. Na haddace sunaye, amma ban gane inda abin ya dosa ba. Ku da kuka riga mu fita aiki, don Allah ku faɗa mini gaskiya, akwai ranar da wannan babin ya yi muku amfani a gaban mara lafiya?

Dokta Issufu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki haddace, ki ci jarrabawarki, ki wuce. Ni ina wani asibitin gunduma nan jihar Tawa, kuma abin da ke cika mana gadaje masassarar cizon sauro ce, da tamowa, da zawo, da haihuwa mai gardama. Ban taɓa tsayawa bisa kan yaro ina tunanin kinaz ba. Tunanina shi ne ko akwai jini a firigo, ko artesunat bai ƙare ba.

Hajiya Ramatu: Amin wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a ɗiyata. Ni dai ina saurare, mu ungozomomi ba a zurfafa mana wannan ba.

Malam Laminu: Dokta, da girmamawa, ban yarda ba. Kana aiki da babin nan tun safe har dare, sunansa ne kawai ba ka kira.

Balkisa, mu faro daga tushe. Jen ɗin da ke ba da umarnin ƙera furotin a jikin ɗan Adam kusan 20,000 ne. Ƙera sabon furotin daga jen yana cin lokaci, mintoci masu yawa, wani lokaci awoyi. Shi kuwa jiki sau da yawa yana bukatar ya juya cikin daƙiƙa. Shi ya sa akwai wasu anzim da ba su da wani aiki sai wannan: su ɗora wani ɗan abu a kan furotin da ya riga ya wanzu, ko su cire masa, ko su datse wani yankinsa. Kamar takarda ce a ofis. Rubutunta bai canza ba, amma hatimin da aka buga mata shi ke cewa a biya, ko a ajiye, ko a aika wani gari, ko a ƙone.

Malam Laminu: Ɗauki azumi, tunda kowa a zauren nan ya san shi a jikinsa. Kin yi sahur, rana ta take, sukarin jini ya fara sauka. Sai glukagon, sinadarin da jiki ke saki in sukari ya sauka, ya fito ya isa hanta. A cikin ƙwayar hanta ya tayar da wata kinaz, wato anzim mai ɗora fosfat, da ake kira PKA. Ita PKA sai ta ɗauki fosfat daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, ta ɗora wa wata kinaz ta biyu, ta biyun ta ɗora wa fosforilaz, shi kuma fosforilaz da ya ji fosfat a jikinsa sai ya shiga farfasa glikojen, wato sukarin da hanta ta ajiye, sukari ya fita zuwa jini. A daidai lokacin, anzim ɗin da ke tara glikojen shi ma an ɗora masa fosfat, amma shi fosfat ɗin tsayar da shi yake yi. Kin ga abu guda ya tayar da wani, ya kwantar da wani. Da an kira magariba kin ci dabino kin sha kunu, insulin ya fito, fosfataz ta bi su tana cire fosfat ɗin, hanta ta koma tarawa. Ba a ƙera sabon fosforilaz ba, ba a rushe tsohon ba, shi ɗin ne dai da safe da yamma.

Waɗanda suka fara gano wannan, Edmond Fischer da Edwin Krebs ne, a birnin Siyatil na Amurka, tsakiyar shekarun 1950, suna aiki da naman zomo. An ba su kyautar Nobel a 1992. A 2002 aka ƙirga kinaz ɗin da ke jikin mutum aka samu 518.

Balkisa: Malam, to me ya sa fosfat ɗaya tak zai canza furotin mai girma haka?

Malam Laminu: Saboda fosfat yana ɗauke da cajin lantarki negatif mai ƙarfi. Da ya zauna a kan serin ko treyonin ko tirozin, waɗanda amino asid ne, tubalan da aka gina furotin da su, sai ya jawo sassan furotin masu caji pozitif, ya ture masu irin nasa, furotin ya ɗan murɗe. Murɗewar nan na iya buɗe wurin aikinsa ko ta rufe shi. Wani lokaci kuma siffar ba ta canza sosai ba, fosfat ɗin ne ya zama wurin da wani furotin zai zo ya kama. Ki riƙe waɗannan hanyoyi biyu, ana yawan tambayarsu.

Dokta Issufu: Ilimi ne mai kyau, ban musa ba. Amma lafiyayyen mai azumi ba ya zuwa wurina. Ka kawo mini cutar da ke kashe mutanena.

Malam Laminu: Kwalara. A 2021 ta shiga Maraɗi, ta shiga Damagaram, ta shiga jiharku ta Tawa. Gubar kwalara ita kanta anzim ce, kuma furotin ɗin mutum take taɓawa. Ƙwayar cutar ba ta huda hanji, ba ta shiga jini. Tana zaune cikin hanji tana sakin guba. Wani yanki na gubar ya shige cikin ƙwayoyin bangon hanji, ya ɓalle wani ɗan yanki, ADP-riboz, daga sinadarin NAD da ke cikin ƙwayar, ya liƙa shi a kan wani furotin da ake kira Gs. A ka'ida Gs yana tashi ya yi aikinsa ya kwanta da kansa. Da an liƙa masa wannan, ba ya sake kwantawa. Sai AMP mai zagaye, saƙon da ke tayar da PKA, ya yi ta taruwa, PKA ɗin nan ta azumi ta tashi ba tsayawa, ta yi ta ɗora fosfat a kan ƙofar klor ta bangon hanji. Klor ya kwarara cikin hanji, sodiyom da ruwa su bi shi. Babban mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya a awa guda in ta yi tsanani.

Kuma dalilin da ya sa SRO, ruwan gishiri da sukari, ke aiki yana nan cikin bayanin. Akwai wata hanya dabam a bangon hanji da ke shigar da sodiyom tare da sukari, gubar ba ta taɓa ta. Shi ya sa gishiri kaɗai ba ya isa, sai da sukari.

Majo Hamidu: Salamu alaikum. Malam Laminu, Allah shi yi maka albarka. Ni majo ne ga wata CSI wajen Madawa, kuma wagga kwalara da kac ce mun gan ta da idonmu. Gadaje munka huda tsakiya, muna aje bokiti ƙarƙashi muna auna abin da ka fita, zawo fari sol ba wari irin na zawo. Mutum shi zo da ƙafarshi da safe, kafin azahar idanu sun faɗa, ka tsunkuli fatar ciki ta tsaya ba ta komawa, murya ta shaƙe. Amma ga abin da ban taɓa ganewa ba. Muna ba da doksisiklin, ƙwayar cuta ta mutu, amma zawo bai tsayawa nan take. Dangi su ce magani bai ci ba, suna son su ɗauke mutum su tafi gida. Mi ya sa haka?

Malam Laminu: Baba Majo, tambayarka ita ce zuciyar babin. Maganin yana kashe ƙwayar cuta, yana hana sabuwar guba fitowa, shi ya sa yake rage tsawon zawon. Amma ƙwayoyin hanjin da aka riga aka liƙa wa ADP-riboz suna nan yadda suke, za su ci gaba da zubar da ruwa. Sai sun tsufa sun kaɗe, sababbi sun hau, kuma bangon hanji yana sabunta kansa cikin kwana 3 zuwa 5. Don haka ruwan ne magani na farko, ƙarin ruwa na Ringa ta jijiya ga wanda ya faɗi, SRO ga mai iya sha, har hanjin ya canza ƙwayoyinsa.

Majo Hamidu: To ka gani. Da na san wanga tun lokacin da na samu bakin yi ma dangi bayani. Mutanenmu in ka ce musu cikin hanji na sake sabuwar fata cikin kwana kaɗan, ku yi haƙuri mu riƙe shi da ruwa, suna ganewa.

Abdul-Aziz: Ku ƙara da mashaƙo, wanda ya taso a Damagaram a 2023. Gubarsa ita ma ADP-riboz take liƙawa, sai dai ita a kan EF-2, furotin ɗin da ribozom, maƙerar furotin ta ƙwaya, ke bukata don ya ci gaba da ƙera furotin. Ƙwayar da aka yi wa haka ta daina ƙera komai, ta mutu. Shi ya sa yaro zai warke daga maƙogwaro, bayan sati ɗaya ko biyu zuciya ta ba da matsala. Kuma shi ya sa ake gaggawar ba da maganin guba tun ana zato, ba a jiran labo: yana kama gubar da ke yawo ne kawai, wadda ta riga ta shiga ƙwaya ta fi ƙarfinsa. Allurar Penta ta sati 6, 10 da 14 tana koya wa jiki ya tare gubar tun a waje.

Balkisa: Wallahi wannan duk yana cikin takarduna, amma a layi ɗaya, ba a haɗa shi da komai ba.

Hajiya Ramatu: Bari ni ma in sa baki. Duk jaririn da aka haifa a hannunmu muna yi masa allurar bitamin K a cinya, miligiram 1. Na san don jini ne. Amma akwai wanda aka haifa a gida, aka kawo mana shi kwana kaɗan bayan haihuwa, wanzami ya cire masa beli. Kakarsa ta rungumo shi cikin zane, bakin yana ta tsiyayar jini a hankali, ba feshi ba, amma ya ƙi tsayawa, an danna auduga an danna tsumma, leɓɓansa sun yi fari. Ciwon kuwa ɗan ƙarami ne, ba ka ce zai yi haka ba. Mun yi masa bitamin K, aka ƙara masa jini, Allah ya tashe shi. Malam, wannan yana cikin babinku?

Malam Laminu: Hajiya, yana ciki dumu-dumu. Hanta tana ƙera furotin ɗin daskarar da jini, huɗu daga cikinsu, na II da VII da IX da X, ba sa aiki yadda suka fito. Sai wata anzim a cikin hantar ta ƙara musu karboksil a kan wasu glutamat. Wannan ƙarin shi ke ba su ikon kama kalsiyom su manne a wurin rauni. Anzim ɗin kuwa ba ta motsi sai da bitamin K. Jariri yana zuwa duniya da kaɗan ƙwarai: mabiyiya ba ta wuce da shi sosai, nonon uwa ba shi da yawansa, hanjinsa bai tara ƙwayoyin da ke samar da shi ba tukuna. Furotin ɗin suna nan cikin jininsa, amma ba a gama su ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba a gani. Jaririn da bai samu allurar ba yana iya zubar da jini cikin ƙwaƙwalwa tsakanin sati 2 zuwa 12, ba wanzami ba rauni.

Hajiya Ramatu: Innalillahi. Shi ya sa nake faɗa da ƙannena a materniti, in an kawo wanda aka haifa a gida don awo ko rigakafi, a tambaya ko ya samu. Kuma maganar cire beli a satin farko, sai mun zauna da wanzamai da kakanni, don su ke da ta cewa, ba uwar jariri ba.

Abdul-Aziz: Ta ɗaya ɓangaren kuma, maganin da muke ba masu bawul na ƙarfe a zuciya ko masu gudan jini a ƙafa, irin su Sintrom da warfarin, hana bitamin K komawa siffarsa mai aiki suke yi, don kada waccan anzim ta gama furotin ɗin. Shi ya sa ba ya aiki ranar da aka fara sha, sai furotin ɗin da aka riga aka gama sun ƙare cikin jini, kuma shi ya sa muke ce wa mara lafiya kada ya canza yawan ganyen da yake ci kwatsam, yau ba ko ɗaya gobe kwanon zogala.

Dokta Issufu: Wannan na INR, awon daskarewar jinin masu shan maganin nan, kullum ina fama da shi, gaskiya ne.

Nafisa: Salam. Ni a bankin jini nake aiki nan Yamai. Dokta ya ce tunaninsa ko akwai jini a firigo. To rukunin jinin da ke rubuce jikin ledar, shi ma aikin irin waɗannan anzim ne. A bayan jar ƙwayar jini akwai sarƙoƙin sukari maƙale da furotin da kitse. Jen ɗin ABO, wanda ke kan kromozom na 9, anzim yake ƙerawa mai ƙara sukari ɗaya a ƙarshen sarƙar. Ta mai rukunin A tana ƙara N-asetilgalaktozamin, ta mai B tana ƙara galaktoz, ta mai O kuwa ba ta aiki, sarƙar ta tsaya haka nan. Bambancin sukari ɗaya ne, amma in na ba mai O jinin A zan iya kashe shi kafin leda ta ƙare. Karl Landsteiner ya gano rukunonin a 1901, bai san anzim ce ke yi ba, sai a 1990 aka karanta jen ɗin.

Kuma Dokta, ga masassararka: masu rukunin O ba su cika faɗawa mai tsanani ba kamar masu A, don jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga ba sa dunƙulewa da lafiyayyu sosai a jininsu. A kwalara kuma masu O ne suka fi jin jiki.

Balkisa: Yaya Nafisa na gode. To HbA1c fa, awon nan na masu ciwon sukari? Shi ma sukari ne a kan furotin. In saka shi cikin jerin?

Abdul-Aziz: A'a, kada ki saka, tarko ne. Wannan ba anzim ke yin sa ba. Sukari ne in ya yi yawa cikin jini yake manne wa emoglobin da kansa, a hankali, ba mai tsara shi ba mai cire shi. Tunda jar ƙwaya tana rayuwa kusan kwana 120, awon yana nuna yadda sukari ya kasance wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma daga 6.5 cikin ɗari ake cewa ciwon sukari ne. Ki lura kuma, ga mai sikila awon na iya yaudara, don ƙwayoyinsa ba sa kai wannan kwanakin.

Haka asfirin da piya-piya. Su ba anzim ba ne, su ne ke taɓa anzim ɗinmu. Asfirin yana ɗora asetil a kan anzim ɗin COX ya kashe shi har abada, plaket kuwa, ƙwayar jinin da ke toshe rauni, ba ta iya ƙera sabo, sai an jira sababbin plaket, kwana 7 zuwa 10. Piya-piya yana manne wa asetilkolinesteraz, anzim ɗin da ke share saƙon jijiya bayan ya isa, shi ya sa wanda ya sha yake zuwa da yawu da gumi da ƙwayar ido ƙanƙanuwa, muna bin sa da atropin.

Malam Laminu: Madalla Abdul-Aziz. Saura kansa, don nan ne aka fi cin moriyar babin. A 1960 wasu masu bincike biyu a Filadelfiya, Nowell da Hungerford, suka ga wani guntun kromozom a jinin masu wata kansar jini mai tafiya a hankali, wadda muke kira LMC. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kromozom na 9 da na 22 ne suka yi musanyar yanki. Inda suka haɗu sai aka samu sabon jen, BCR-ABL, mai ƙera kinaz da ba ta kwantawa. Tana ta ɗora fosfat a kan tirozin, ɓargo yana ta zubo fararen ƙwayoyi, saifa ta kumbura har ta sauko cibiya. Aka nemo ƙwayar magani da ke shiga daidai gurbin da ATP ke zama a jikin kinaz ɗin ta toshe shi. Shi ne imatinib, aka amince da shi a Amurka a 2001. Cutar da ke kashewa cikin ƴan shekaru, yanzu mai shan maganinsa kullum yana iya rayuwa kusan kamar kowa.

Dokta Issufu: To nan ne fa nake tsaye, Malam, kuma da gaske nake. Na san imatinib. Na san kamfanonin Indiya suna yin nasu mai sauƙin kuɗi. Amma manomin da ya zo mini da saifa har cibiya, kafin a kai ga maganin sai an tabbatar da BCR-ABL, sai ya bar gonarsa ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, ya nemi masauki, ya biya awo, sannan ya sha magani har ƙarshen ransa. Ya sayar da akuya, ya sayar da albasar bana, wata na uku ya daina zuwa. Sanin inda fosfat ke zama bai taɓa biya masa kuɗin mota ba. Ina jin zafin a cika kan yaranmu da sunaye ɗari, su fito ba su iya saka wa jariri ƙarin ruwa ba.

Malam Laminu: Zafin da kake ji ni ma ina jin sa. Kuma na yarda ana koyar da babin ta hanyar da ba ta dace da mu ba, a jero sunaye ba cuta ko ɗaya a gefensu. Gyaran shi ne a fara daga gadon kwalara da jaririn Hajiya, a gangaro zuwa anzim. Amma cire shi ban yarda ba. Likitan da bai san dalili ba, ranar da takardar ka'ida ba ta faɗi abin da ke gabansa ba, ba shi da abin kamawa. Kuma in mun ce wannan ilimin na wasu ne, to har abada wasu za su riƙa zaɓar cututtukan da za a nema wa magani.

Dokta Issufu: Wannan ta ƙarshe ta shige ni. Amma ban janye ba: awoyin karatu ƙididdigaggu ne, abin da aka ba wannan an ɗauke shi daga wani.

Hajiya Ramatu: Ku bar ni in tambayi ubikitin ɗin da ɗiyata ta ambata da farko, ba wanda ya taɓa shi.

Malam Laminu: Hajiya, shi ma naki ne. Ubikitin ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76. Anzim kashi uku, E1 da E2 da E3, suna miƙa wa juna shi har a ɗaura shi a kan furotin ɗin da kwanansa ya ƙare. In an jera masa da yawa, sai proteyazom, injin niƙa furotin na ƙwaya, ya ja shi ya daddatsa. E3 ce ke zaɓen wanda za a ɗaura wa, kuma muna da irinta fiye da 600. Ciechanover da Hershko da Rose sun samu Nobel a kan wannan a 2004.

Akwai furotin p53, wanda in ADN, sinadarin da jen ke rubuce a kansa, ta lalace yake tsayar da ƙwaya, ko ya sa ta kashe kanta. Ƙwayar cutar HPV tana da furotin E6, wanda ke kama wata E3 tamu ya kai ta kan p53, a yi ta ɗaura masa ubikitin ana rushe shi. Ƙwayoyin bakin mahaifa su rasa mai tsawata musu, kurakurai su yi ta taruwa shekara da shekaru. Nau'i na 16 da na 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na kansar bakin mahaifa.

Hajiya Ramatu: Shekara da shekarun nan su ne damarmu. In mace ta yarda an duba ta, muna shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, minti ɗaya wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi tun bai zama komai ba. Amma yawanci sai jini da wari sun hana ta zama cikin mutane take zuwa. Rigakafin kuma na ƴan mata ne masu shekara 9 zuwa 14, nan ma sai an sha magana da iyaye.

Majo Hamidu: Ni ga tawa ta ƙarshe, don lokacin girbi ya matso kuma shi ne lokacin kububuwa. Manomi shi zo, ta sare shi ga ƙafa, dasashi na jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ja. Tunda kun ce bitamin K na gyara daskarewar jini, in ba mu da maganin dafi, shina taimako?

Dokta Issufu: A'a Baba Majo, kada ka dogara da shi. Matsalar ba irin ta jariri ba ce. Shi wannan furotin ɗinsa cikakku ne. Dafin kububuwa yana da anzim da ke datse protrombin, wato furotin na II, ta tayar da shi ba rauni ba dalili, jini ya yi ta ƙananan daskarewa ko'ina har fibrinojen, furotin ɗin da ake saƙa gudan jini da shi, ya ƙare ƙarƙaf. Wasu anzim ɗin dafin kuma suna cin bangon ƙananan jijiyoyi. Muddin dafin na yawo, duk abin da hanta ta ƙera cinye shi za a yi, ko jini ka ƙara haka ne. Maganin dafi kaɗai ke tsayar da shi. Ka ɗebi jini mililita 2 ka zuba a kwalba mai tsabta busasshiya, ka ajiye minti 20 ba girgizawa, ka karkata. In ya zubo, dafi ya shiga, a ba da magani ko a tura shi nan take. Bayan awa 6 da ba da magani a sake awon, don hanta na bukatar kusan wannan lokacin ta mayar da abin da aka cinye. In har bai daskare ba a ƙara wani.

Kuma ka hana su ɗaure ƙafa da tsaga wurin da reza, mutumin da jininsa ba ya daskarewa ba a ƙara masa rauni.

Balkisa: Yaya Dokta, wannan da ka rubuta yanzu ai shi ne sashen datsewa a babin namu, zimojen, wato anzim ɗin da ba ya aiki sai an datse shi, da tayar da shi.

Dokta Issufu: Shi ne. Amma ki tambayi Baba Majo kwalba nawa ta maganin dafi ke cikin firigonsa yau.

Majo Hamidu: Babu ko guda, ɗana. Sai mu tura gaba, in an samu mota. Amma awon minti 20 muna iya yi. Kwalaben da anka kawo muna na roba ne, suna yi?

Nafisa: A'a Baba, sai na gilas. Gilas ne ke tayar da furotin na XII, shi ya fara datse na gaba da shi har a kai ga gudan jini. A cikin roba jinin lafiyayye ma yana iya wuce minti 20 bai daskare ba, ka ɗauka dafi ne alhali ba shi ba ne. Kuma kada a wanke kwalbar da omo ko sabulu, yana ɓata awon. In kana shakkar kwalba, ka ɗebi jinin wani lafiyayye cikin irinta ka ajiye su tare ka gwada. Ina da sababbi na gilas a nan, ka turo mini sunan direban da ke zuwa Madawa ta akwatina, in ba shi kwali ɗaya ranar Asabar.